Minti Goman Baba

Shafi na 17

Masu bina har akwatin saƙo kuna cewa na bar Auta tsaye a ƙofar Farfesa kwana huɗu, ku yafe ni, takardun yara nake ta dubawa. Ke da kika ce in ban kawo ci gaba ba, za ki biyo ni har gida, ga shi nan, zauna abinki. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga inda muke.

Shekara uku ke nan Auta tana aikin digirinta na uku a kan leda mai ruɓewa, irin wadda ake yi da sitacin rogo, in an yar da ita ta koma ƙasa. Aibinta ɗaya ne, ba ta da ƙwari, da ta ji danshi sai ta saki. Maganin da Auta ke gwadawa shi ne injin plasma mai sanyi: a shimfiɗa ledar tsakanin farantan ƙarfe biyu, a saki wutar lantarki, iskar da ke tsakani ta yi haske shuɗi-shuɗi ba tare da zafi ba, leda ta fito da ƙarfinta. Mai kula da injin kuwa mahaifinta ne, ma'aikacin ɗakin gwajin tun kafin a haife ta.

Duk ledar da Baba ya saka mata lafiya ta fito. Sai wata ɗaliba ta maimaita gwajin da minti goma, kamar yadda yake rubuce a littafin aiki, leda ta fito tana karyewa kamar busasshen ganye. Har sau uku. Farfesa ya ce gobe da ƙarfe goma kwamiti zai zauna, Auta ta zo ta faɗi inda ta samo sakamakonta. In ba ta da bayani, za a ɗauka ƙirƙira ta yi, a sallame ta.

*

Bayan la'asar ta turo ƙofar ɗakin gwajin. Kowa ya tashi, sai Baba shi kaɗai yana goge teburin da ya riga ya goge.

"Wa nake ji haka kamar Dakta?"

"Baba, ka daina kirana Dakta. Gobe ma wataƙila ko ɗaliba ba za a kira ni ba."

"Kul! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya ne. Muryarki ta mai yunwa ce."

Ta yi ɗan murmushi duk da abin da ke cinta. Ta ɗora faifan roba a gabansa, fallen leda ɗaya a ciki, fari sol har ana hango teburin ta cikinsa.

"Shi kaɗai ya rage min. Ka saka min shi, Baba. Yadda ka saba."

"Minti goma?"

"Minti goma."

Ya sa safar hannu. Auta ta ja da baya ta tsaya inda ba zai gan ta ba, ta zaro wayarta ta buɗe agogon ƙidaya. A ranta ji take kamar ta ɗana wa mahaifinta tarko, kunya ta kama ta.

Sau nawa ta tsaya a wurin nan yana mata aiki? Ba ta san iyaka ba. Amma kullum idonta a kan ledar yake, ko a kan littafinta. Yau ne kawai ta kalli mutumin.

Ta ga ya bi bakin farantin da ɗan yatsa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kafin ya shimfiɗa ledar. Ta ga ya shafo jikin injin har hannunsa ya taɓa makunni. Ya rufe murfin, ya ce bismillah, ya kunna.

Injin ya ɗauki ƙugi a hankali. Hasken nan ya cika tsakanin farantan.

Auta ta danna wayarta.

A gefen injin akwai ɗan allo da ke nuna minti da daƙiƙa. Baba bai kalle shi ba, ko sau ɗaya. Hannunsa na dama ya zura a aljihu, leɓɓansa suna motsi, kansa a karkace wajen ƙofa kamar mai sauraren takun wani.

Can sai ya zaro hannun, ya kashe.

"Goma cif," ya ce. "Ɗauki abinki."

Ta dubi wayar. Minti shida da daƙiƙa tara.

Ta ɗaga ledar da hantsaki, ta ja ta a hankali da hannu biyu. Ba ta yage ba. Ta ɗiga mata ruwa, ɗigon ya tsaya tsaf a kanta bai nutse ba. Sai an kai ta ma'auni za a tabbatar, amma mai shekara uku tana taɓa abin nan hannunta ya riga ya gaya mata. Wannan irin mai kyan ce.

"Ta yi?"

"Ta yi, Baba."

"To kin gani. Ita waccan yarinyar ce ba ta iya ba. Yaran yanzu sai gaggawa."

"Baba."

"Na'am."

"Lamba nawa ce a kan allon injin?"

Ya ɗauki tsumma ya koma goge tebur.

"Ke ba ki da ido ne?"

"Ina da shi. Kai nake so ka karanta min."

"Tabarauna na gida."

"Ga shi a fuskarka, Baba."



Hannunsa ya tsaya a kan tsumman. Ya daɗe a haka, sannan ya laluba kujera da ƙafa, ya zauna.

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na share ido a nan.

Auta ta durƙusa a gabansa, ta dafa gwiwarsa.

"Tun yaushe?"

"Tashi, za ki ɓata rigarki."

"Tun yaushe, Baba?"

Ya sauke numfashi.

"Idon hagun ya fi shekara biyu. Na daman bara ya fara binsa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ka je asibiti?"

"Na je. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Wanda ya tafi ya tafi, saura sai a yi ta ɗiga magani a riƙe shi."

"Yanzu me kake gani?"

"Ina ganinki mana."

"Baba."

"Ina ganin wani abu mai ruwan ƙasa a gabana, mai taurin kai irin na uwarta."

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya. Gyalenta ma kore ne.

"Mama ta sani?"

"Wa kike tsammani yake jera min kaya da safe? Ita ke ɗiga min maganin. Na ce in ta gaya muku ban yafe ba."

"Shi ya sa ka daina tuƙi, ka ce mana wai gwiwa?"

"Gwiwar ma tana ciwo, ban yi ƙarya duka ba."

Ta share hanci da bakin gyale.

"To minti goman fa? Ta yaya kake sani?"

Ya zaro abin da ke aljihunsa. Carbi ne, tsohon nan da ta taso tana gani a hannunsa.

"Da can agogon injin mai murɗawa ne, kin tuna? Ka murɗa shi zuwa goma, in ya cika ya buga ƙararrawa. Da yatsa nake gane shi. Tun kafin ki fara kawo min ledarki ya lalace, aka kawo wannan mai lambobi ƙanana kamar tururuwa, ba ya ko tari. Ranar na koma gida na rasa abin da ke min daɗi. Sai na ba uwarki agogo na ce ta riƙe, na ja istigfari. Ɗari uku daidai, minti goma. Sau biyar muka gwada."

"A gida."

"A gida."

"Kana zaune a kan tabarma, hankalinka kwance."

Ya ɗago kai.

"Me kike nufi?"

"Baba, minti shida ka yi yanzu. Na auna."

"Shida?"

"Shida da daƙiƙa tara."

"A'a. Ɗari uku na ja, ban tsallake ko ɗaya ba."

"Na sani. Sauri kake yi."

Ya juya carbin a hannunsa. Sai ga fuskarsa ta sauya, kamar an tsofar da shi a take.

"Tsoro ne," ya ce a hankali. "Kullum na kunna, kunnena na ƙofa. Kada wani ya shigo ya ce min duba allo. Ashe bakina gudu yake ban sani ba." Ya damƙe carbin. "Ke nan ni ne. Ni na rubuta goma alhali shida ne. Ni na ja miki sunan maƙaryaciya. Kwana huɗu kina yawo ba ci ba sha, ni kuma ina zagin 'yar mutane wai ba ta iya ba."

"Baba, saurara."

"Na ɓata miki shekara uku, Auta."

"Ba ka ɓata ba! Ka ji ni? Goma ya yi yawa, cinye fuskar ledar yake har ta yi rauni. Ni na zaɓi goma, ni na yi kuskuren lissafi. Shida ne daidai. Da ka bi abin da na ce, da har yau ban ga leda mai kyau ko ɗaya ba."

"Kada ki rarrashe ni kamar yaro."

"Wallahi gaskiya nake gaya maka. Ga ta nan, taɓa ka ji."

Ta sa masa ledar a hannu. Ya ja ta kaɗan, ya murza bakinta da yatsa, ya kai ta kusa da kunne ya girgiza.

"Ƙalau take," ya ce.

"Ƙalau."

"Ashe istigfari ma yana gyaran leda."

Suka yi dariya tare, irin dariyar da hawaye ke bin bayanta. Sai kuma fushin da ta danne ya taso mata.

"Amma Baba, ka kyauta ke nan? Wuta ce fa a cikin abin nan, wutar da in ta kama mutum ba ta sakinsa! Kana lalube da hannu! Da wani abu ya same ka, in ce me? In ce saboda ledata?"

"Na san injin nan kamar tafin hannuna. Ni na kwance shi daga kwali."

"Me ya hana ka faɗa min? Ni fa 'yarka ce. Da na tsaya ina duba maka agogon."

"Da kin tsaya. Da kuma kin kasa barci, kin ce sai na ajiye aiki."

"Da na ce."

"To shi ya sa."

Ya lalubo kanta ya dafa.

"Wata takwas ya rage min in yi ritaya. Ke kuma wata shida ki gama. Na lissafa, na ga zai kai ni. Shekara talatin da ɗaya ina wanke wa 'ya'yan wasu kwalabe, ina kunna musu inji, su gama a kira su Dakta, su zo su ce Baba mun gode, wasu ma ba sa zuwa. Ban taɓa jin haushi ba. Amma da tawa ta zo, sai na ce wannan karon ba wanda zai kunna mata sai ni. Son zuciya ne, na sani. So nake ranar da za a kira sunanki ina cikin ginin nan a matsayin ma'aikaci, ba baƙon da aka ba kujera a baya ba."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka mai sauti. Ya bar ta ta yi, yana ɗan bubbuga bayanta kamar lokacin da take ƙarama.

Da ta lafa, ya ce:

"To shi ke nan ai, an samu bayani. Gobe ki gaya musu."

Ta ɗago da sauri.

"In gaya musu me?"

"Gaskiya. Tsoho ba ya gani, ya rubuta goma, ya yi shida."

"Ka san abin da zai biyo baya? Ka ɓoye ciwo, ka kunna inji mai haɗari, ka rubuta abin da ba shi ba a littafin aiki. Ba ritaya za su ba ka ba, Baba. Kora ce. A manna takarda a allo kowa ya karanta."

"Sai me?"

"Sai me? Bayan shekara talatin da ɗaya?"

"To ki sake gwajin da shida ki nuna musu."

"Ledar kwana biyu take kafin ta bushe, wannan ce ta ƙarshe. Ko na sake ma, tambayar tana nan: me ya sa littafi ya ce goma?"

"To me za ki ce?"

Ta miƙe, ta gyara gyalenta.

"Zan ce ni ce. Ni na ce maka shida da baki, na ba ka goma ka rubuta. Sakaci ne nawa."

"Sau arba'in? Falle arba'in fa na saka miki."

"Sau arba'in."

"Wa zai yarda? In ma sun yarda, ɗalibar da ba ta san minti nawa ta yi ba, wa zai ba ta Dakta?"

"Wataƙila su ƙara min shekara."

"Wataƙila kuma su kore ki."

"Ni yarinya ce, zan sake wani wuri."

"Auta."

"Baba, kai ka goya ni ka kawo ni ɗakin nan ina 'yar shekara huɗu, ka zaunar da ni a kan waccan kujerar, ka ba ni kwalbar roba in yi wasa. Duk abin da na sani a nan na fara ganinsa, a hannunka. Ba zan tsaya a gaban mutane in ce kai ne ba. Bakina ba zai iya ba."

"Ƙarya fa za ki yi."

"Allah ya yafe min."

"Ban haife ki don ki yi ƙarya a kaina ba."

"Ni kuma ba zan ga an kore ka a kaina ba."

Taurin kai ya haɗu da wanda ya haife shi. Kowa sai huci yake.

Ita ta fara saukowa. Ta kama hannunsa.

"Don Allah, Baba. Gobe ka zauna a gida. Ka ce ba ka da lafiya, ai ba ƙarya ba ce. Ka bar min wannan. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba."

Ya cire safar hannun, ya ninke ta, ya lalubo aljihun tebur ya saka.

"Kashe fanka mu tafi. Uwarki na jira."

A bakin matakalar bene ta ga ya tsaya, yana neman ƙarfen riƙewa. Leɓɓansa suka fara motsi. Ashe ƙirga matakalar yake yi, kullum, safe da yamma, ita kuwa tana wuce shi da gudu tana cewa Baba sai na dawo.

Ta miƙa masa kafaɗarta.

Ya yi jim. Sannan ya ɗora hannu.

"Kada ki saba," ya ce.

"To."

"A hankali, Dakta. Ba tsere muke ba."

Suka sauka tare. A ƙasa ya saki kafaɗarta, ya gyara hularsa, ya gaishe da mai gadi da fara'a kamar ba komai.

*

Washegari ta tabbatar ta bar shi a gida, Mama tana ɗiga masa magani. Ya ce mata Allah ya ba da sa'a, bai ƙara ko kalma ba.

Ƙarfe goma ta shiga ɗakin taro. Dogon tebur, mutum uku a bayansa, taga a bayansu. Farfesa a ƙarshen hagu, littafin aikin a buɗe a gabansa. Sauran biyun malaman wani sashe ne, ba ta taɓa magana da su ba.

Farfesa ya dube ta ta saman tabarau. Ba mugu ba ne, yana ma sonta da aikin, shi ya sa fuskarsa ta fi ta kowa nauyi.

"Zauna."

"Zan tsaya, ranka ya daɗe."

"To. Tambaya ɗaya ce. Littafi ya ce minti goma. An yi minti goma sau uku, ba a samu abin da kika samu ba. Kina da bayani?"

"Ina da shi."

"Muna ji."

Ta dubi littafin da ke gabansa.

"Ba minti goma aka yi ba, ranka ya daɗe. Shida ne. Shidan ne ke ba da leda mai ƙwari, ga falle ɗaya na kawo a auna."

Malaman biyu suka dubi juna. Farfesa ya dafa littafin.

"Shida. To wa ya yi shida, ya rubuta goma?"

Ta rufe ido. Ta buɗe.

"Laifin duka..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a ce shigo, an turo.

Baba ne. Mama tana bayansa a waje, ta saki hannunsa ke nan, idonta jajur.

"Baba!" Auta ta ce. "Na roƙe ka..."

"Yi shiru, Auta."

Ya yi sallama. Malaman biyu suka amsa. Farfesa kuwa mamaki ya hana shi buɗe baki.

Baba ya tako uku ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya juya dama, ya juya hagu. Sai ya fuskanci baƙon malamin da ke tsakiya, ya rusuna masa, irin rusunawar da yake yi wa Farfesa kowace safiya.

Malamin ya daburce, ya waiwayi Farfesa. Ɗakin ya yi tsit.

Baba ya ji shirun. Ya miƙe tsaye sosai, ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Farfesa," ya ce, "yi min magana in san inda kake zaune."